Wadda Ta Amsa Sunan Mero

Hauwa ta fita mayar da dutsen guga ne kawai. Haka ta gaya wa innarta, haka kuma za ta gaya wa duk wanda ya tare ta a hanya. Dutsen na ajin mata ne, ta aro shi tun shekaranjiya, makullin ajin kuwa a hannunta yake kwana. Abin da ba ta faɗa ba shi ne rezar da ta ƙulle a gefen zaninta.

Damina ce, shekarar 1956. Rana ta kusa faɗuwa, hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta wajen Rigacikun, har gari ya yi duhu kafin lokacinsa. Ajin wani tsohon siton gyaɗa ne a ƙarshen Unguwar Shanu ta Kaduna, a kan 'yar hanyar ƙafa da ke bi ta cikin dawa zuwa Malali. Wata Baturiya da matan ke kira Malama Ilin ita ta buɗe shi. Ba gwamnati ce ta turo ta ba, ba kuma albashi take ci ba. Ita dai ta baro ƙasarsu da keken ɗinki biyu da akwatin alli, ta ce ta zo ta koya wa mata karatu da sana'a.

Hauwa ce ɗalibarta ta farko. Lokacin da mata ke leƙen Baturiyar ta katanga suna dariya, Hauwa ce ta bi gida gida tana lallashin mazaje. Ita ta share siton, ita ta koya wa Malama yadda ake gaida tsofaffi, da abin da ake miƙawa da dama. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa ba ta da jika, sai ta ɗauki ajin nan ta mai da shi gidanta. Shekara biyu bencin gaba na bakin taga nata ne.

Sai ga Mero. Ƙaramar bazawara ce, 'yar Shu'aibu maɗinki, ta zo bara ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba. Wata shida ta haddace littafin karatun ajin. Keke kuwa kamar da shi aka haife ta. Malama ta ce idon Mero na son haske don ɗinkinta ƙanana ne, sai aka matsar da Hauwa benci na biyu, tana murmushi tana cewa ai ba komai. Ranar ko tuwo ba ta iya ci ba.

Abin da ya ƙarasa ta shi ne maganar Kumasi. Hausawan zango a can sun aiko suna neman mace da za ta je ta zauna shekara guda ta koya wa matansu, aikin sa kai, don Allah. Hauwa ba ta taɓa wuce Zariya ba. Tun da ta ji maganar take ganin kanta a jirgin ƙasa, sannan jirgin ruwa, mata suna tashi tsaye suna ce mata Malama. Sai Malama Ilin ta ambaci Mero. Gobe da safe iyayen ajin, wato manyan matan unguwa, za su zo su duba rigar da Mero ta ɗinka, su sa albarka, magana ta ƙare.

Kuma abin haushin, Mero ba ta da laifin da za a kama. Kullum sai ta durƙusa ta gaishe ta, Yaya Hauwa kaza, Yaya Hauwa kaza. Da ma tana da girman kai, da mutum ya samu abin faɗa.

Akwai wani abu da Hauwa ta sani ta ƙi faɗa. Sunayen mata na ba Malama wuya, saboda haka ta ɗauki wata ɗabi'a. In an tashi, kowa ya watse, sai ta tsaya ita kaɗai a ɗakin da littafin suna, tana kira ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, tana gyara harshenta, har almuru. Ko yarinyar goye a unguwar ta san ba a kiran suna a ɗakin da ba kowa a irin wannan lokaci, ba a kuma amsa kiran da ba a ga mai yin sa ba. Da can ne, da tun ranar farko Hauwa ta ja ta gefe ta gaya mata. Amma ta yi ƙwafa ta ce 'yar lelen ta gaya mata mana. Wata huɗu ke nan ana haka.

Yau dai ba kowa. Da idonta ta ga Malama ta hau motar Zariya da hantsi, sai gobe za ta dawo.

Kwaɗi sun cika fadama da kuka. Ganyen dawa na goga mata kafaɗa. Ta buɗe kwaɗon ƙofar, ta shiga, ta tura ƙofar da ƙafa. Ɗakin na warin man keke da alli da tsohuwar gyaɗa. Ta ajiye dutsen gugar, ta buɗe akwatin ɗinki, ta zaro rigar.

Haske ya yi ƙaranci, dole ta je bakin taga. Ta zauna a bencin gaba, wurin Mero, wurinta na da.

Ta juya rigar ta duba bayanta. Ta so ƙwarai ta samu ko karkata ɗaya. Babu. Ɗinkin ya tafi sambal, ƙanana ƙanana, kamar jerin tururuwa. Hawaye suka kawo, ta mayar da su. Ta kwance rezar. Ba yaga rigar za ta yi ba, ita ba mahaukaciya ba ce. Zare ɗaya ɗaya za ta tsinke a hammata da wuya, yadda gobe in an ja, sai ta buɗe a gaban kowa.

Ta ɗora bakin rezar a kan zare.

Kwaɗin suka yi shiru. Dukkansu, lokaci guda.

Sai ta ji an buɗe littafi a teburin Malama. Takarda ta yi ƙara, an juya shafi.

"Uwani Lawal."

Muryar Malama Ilin ce, har da yadda take jan sunan ta hanci. Abin da ya fara zuwa wa Hauwa ba tsoro ba ne. Cewa ta yi a ranta, ashe ƙarya ce tafiyar Zariya, ɓuya suka yi don a ƙara wa Mero karatu a asirce. Ta ɗaga ido. Teburin na nan gabanta, taku huɗu. Littafin a buɗe. Kujerar ba kowa.

"Na'am," aka amsa daga bayan ɗaki.

Benci ya yi ƙara, irin ta an zauna. Wani ma ya yi. Wani ma. Wari ya canza. Yanzu warin laka ne, da jiƙaƙƙen tufa, irin na wanki da ya kwana a ruwa. Tana jin ɗigar ruwa a daɓe, ɗis, ɗis, daga wurare da yawa.

Muryar ta ci gaba da kira. Ba ta numfasawa tsakanin suna da suna. Kowane suna da mai amsa shi, a hankali, da ladabi.

Hauwa ta nemi addu'a a bakinta. Harshen ya yi nauyi kamar ba nata ba.

Keken ɗinkin da ke lungu ya fara juyawa. Ba zare a jikinsa, ita da kanta ta cire jiya.

"Hauwa Adamu."

Ta danne bakinta da hannu.

"Na'am."

Daga benci na biyu aka amsa, daf da bayanta. Da muryarta. Har da 'yar shaƙewar da take yi tun murar bara.

Ba ta waiwaya ba. Ta gefen ido ta ga hannu a kan bencin, siriri, fari fat da alli, ruwa na bin yatsun. Yatsun sun fi na mutane gaɓa ɗaya.

"Mero Shu'aibu."

Shiru.

Keken ya tsaya.

"Mero Shu'aibu."

Wani sanyi ya sauka a ƙeyarta. Aka yi raɗa a kunnenta, murya mai laushi, ta tsohuwa.

"Amsa mana, 'yar nan. Ga ki a wurinta, ga rigarta a cinyarki. Ba ke ce mai tafiyar ba?"

Nan ne abin kunyar yake, kuma Hauwa ba ta taɓa ɓoye wa kanta shi ba. Tsoro ya cika ta, gaskiya ne. Amma a ƙarƙashin tsoron, kalmar nan ta yi mata daɗi. Mai tafiya. Wata guda tana jiran wani ya faɗa mata haka, ko wane ne.

"Mero Shu'aibu."

"Na'am," in ji Hauwa.

Ɗakin ya ɗauki wata 'yar hayaniya ta murna, ƙasa ƙasa, kamar mata a gidan suna.

"Malama ta amsa."

"Mun daɗe muna zuwa. Kullum ana kiranmu, ba a koya mana komai."

"Matanmu na can da yawa. Ƙetaren ruwa ne. Taso."

Hannun ya kama wuyan hannunta. Sanyinsa ya ratsa har ƙashi. Ƙafafunta suka miƙe ba da izininta ba. Rigar ta zame ƙasa.

A bangon baya, inda allo ke rataye, yanzu ƙofa ce. Bayanta ba dawa, ba gari. Ruwa ne shimfiɗe, baƙi, ba ya motsi.

Taku ɗaya. Taku biyu.

"Ni ba Mero ba ce," ta ce da kyar. "Hauwa ce."

"Hauwa na zaune," aka ce. "Ta riga ta amsa."

Taku uku. Laka ta taɓa yatsun ƙafarta.

Ta dunƙule ɗayan hannun don ta turje. Ta manta da rezar. Ta shige mata tafi har ƙarshe.

Zafin ya tsaga ta, harshen ya sake. Ta ƙwala a'uziyya da duk ƙarfinta. A daidai nan, can cikin unguwa, ladan ya ɗaga murya.

Riƙon ya yi sako-sako. Ta fizge. Ta yi karo da benci, ta faɗi, ta tashi, ta daki ƙofar gaske da kafaɗa. Ba wanda ya bi ta. Muryar tsohuwar ce kawai ta biyo ta, ba fushi a cikinta ko kaɗan.

"Ba gaggawa, Malama. Ran da kika fito tafiya, muna kan gada."

Ruwan sama ya kece. Ta isa gida ba takalmi ba ɗankwali, jini na bin gwiwar hannunta.

Kwana biyar ta yi tana zazzaɓi, innarta na ba ta rubutu. Da ta samu kanta ta aika aka gaya wa Malama Ilin maganar kiran suna, wadda ya kamata ta faɗa tun wata huɗu. Malama ba ta yi gardama ba, ta ce ita ma ta sha jin kamar ana amsa mata, ta ɗauka kunnenta ne. Aka mayar da ajin zauren wani mai goro a tsakiyar unguwa. Rigar kuwa an tsince ta a ƙasa, jiƙe sharkaf, ba zare ɗaya da ya tsinke.

A rana ta shida Mero ta zo dubiya da kwanon kunu. Ta durƙusa a bakin gado, fuskarta cike da fara'a, ta ce ta zo da albishir. Ashe tun ranar da aka ambaci sunanta take bin Malama tana roƙo. Ta ce ita ɗinki ta iya, amma shiga gida a lallashi maigida, da yanka yadi, da riƙe aji, wannan sai Yaya Hauwa. In ba tare ba, ita ma ta fasa. An rubuta wa mutanen Kumasi, amsa ta zo jiya. Sun ce su zo su biyu.

Hauwa ta dubi ɗaurin da ke tafin hannunta. Ba hanyar Kumasi da ba ta bi ta kan kogin Kaduna ba. Jirgi ko mota ko ƙafa, sai an hau gada.

Hauwa ta ce innarta ta tsufa. Mero ta ce ƙannenta za su kula da ita. Ta ce hannun bai warke ba. Mero ta ce za a jira. Malama Ilin ta zo da kanta har sau biyu. A ƙarshe dai suka gaji, aka shawo kan Mero ta yarda ta tafi da Uwani, 'yar ajinsu.

Ranar tafiya aka yi musu rakiya zuwa tasha. Da aka iso bakin gada Hauwa ta tsaya cik, ta ce nan za ta juya. Rana tsaka ce, mutane na ta wucewa da kekuna da tallace-tallace. Can tsakiyar gadar wasu mata ne tsaye jikin ƙarfe, sun juya baya, ruwa na ɗiga daga mayafansu. Ba wanda ya kula da su.

Mero ta riƙe hannunta, idonta ya ciko.

"Yaya, ashe dama ba kya son tafiyar? Ni na ɗauka kina so."

"Ban taɓa so ba," in ji Hauwa.

Ta tsaya tana kallon bayan Mero da akwatinta a ka, har Mero ta wuce matan nan lafiya lau, ko juyowa ba su yi ba. Ba ita suke jira ba.

Hauwa ta riƙe ajin shekara talatin da wani abu, ta yaye mata ba adadi. Wasiƙun Mero na zuwa daga Kumasi, daga baya har daga wasu garuruwan da ba ta taɓa jin sunansu ba. Ita ke karanta wa ajin, da murya mai kyau, kuma kowace wasiƙa sai ta ƙona mata rai kamar ta farko. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake taka kudancin Kaduna ba.