Sunan da Amjad Ya Kankare

Ranar da labarin ya iso ni ina gaban tukunya ne, ina tuƙa asida, tuwonmu na Sudan. Wayata ta yi ƙara, lambar wata ƙasa. Wani mutumin garinmu Damazin ne yake kira daga Italiya.

Ya ce, "Ke ce Ummu Amjad?"

Na ce ni ce.

Ya ce jirgin ruwan da suka hau daga wajen Iskandariya ya kife. An tsamo wasu, ɗana ba ya cikinsu. Ya ce, "Ma'alish, Hajja," wato in yi haƙuri. Na ce masa na gode. Na ci gaba da tuƙi har asidar ta ƙone, sai da 'yata Mahasin ta zo ta zare muciyar daga hannuna.

A 2014 ke nan. Labarin Mahasin da Ukasha nake so in bayar, amma Amjad yana cikinsa daga farko har ƙarshe.

Mu Hausawan Sudan ne. Yaƙi ya kore mu daga Damazin a 2011, can na bar kabarin mijina Hasan. Muka sauka Ard al-Liwa, wata unguwa a Alƙahira, ni da 'ya'yana biyu, na fara dafa abinci ina sayarwa a falo. Amjad ya samo ragowar shuɗin fenti a wurin da yake aikin gini, ya rubuta sunan gidanmu a jikin ƙofa da baƙaƙen Larabci, don masu ciniki su daina buga wa maƙwabta. Balmar. Haka muke faɗinsa. A takardun Turawa Palmer ake rubutawa.

Ɗaliban Najeriya suka ji akwai mai miyar kuka, suka fara tahowa tun daga unguwar Madinat Nasr. A cikinsu Ukasha ya zo, ɗan Gusau, dogo, mai kunya, yana karatun haɗa magunguna. Mahasin ta kawo musu ruwan wanke hannu. Ya ɗaga kai ya gan ta, sai ya rikice, ya shiga yi mata godiya da Larabcin littafi, irin wanda ba a ji sai a kan mumbari.

Ta dube shi ta ce da Hausa, "Malam, huɗuba ka zo yi ko tuwo ka zo ci?"

Abokansa suka yi ta dariya. Shi kuwa ya manta hannunsa a cikin ruwan.

Tsohuwar wayarta tana wurina har yanzu, kuma ta karanta mini saƙonnin sau da yawa. Na farko ya ce:

"Salam. Ni ne mai huɗuba. Abokaina sun ce miyar ta yi daɗi. Ni ban ji ɗanɗanonta ba, hankalina yana wani wuri."

Ta mayar masa: "To gobe ka zo da hankalinka, kada a yi asarar kuka."

Ya zo washegari. Ya ci gaba da zuwa. Ita tana ce masa Rabin Dakta, don bai gama karatu ba. Amjad kuwa yakan zauna tsakaninsu da gangan, yana cin gyaɗa, yana cewa, "Ku yi hirarku, ni bango ne."

Wata rana Ukasha ya tambaye ni sunan da ke ƙofa. Na ba shi labarin yadda na ji shi daga bakin Inna Dije, kakar mijina, wadda na riska da tsufanta, kuma ni na yi mata wankan gawa. Ita da mijinta Malam Musa sun taso daga Haɗejia da ƙafa za su hajji. Ya rasu kusa da Wad Madani, ya bar ta da ƙaramin ciki. Ta samu aikin wanki a gidan wani Bature mai duba gonakin auduga. A bayan gidan ta haihu. Mutane suka riƙa ce wa yaron ɗan gidan Balmar, ranar da aka zo rubuta shi a takarda aka rubuta haka. Ba ta taɓa ganin Makka ba.

Ukasha ya je ya bincika. Ya dawo yana murna, ya ce a ƙasar Ingila ta dā, mutumin da ya je ziyara Baitul Muƙaddas ya dawo riƙe da ganyen dabino don a san ya kai, shi ake ce wa Palmer, daga nan sunan ya bi 'ya'yansa.

Mahasin ta ce, "Ashe su ma alhazai ne. Su sun kai sun dawo, mu muka maƙale a hanya."

Daga ranar ya koma ce mata Dabinona.

Da maganar aure ta taso, mahaifinsa Alhaji ya ce sai an yi binciken asali, kamar yadda ake yi. Ƙaninsa Baffa Hadi za a yi masa aikin ido a Alƙahira, sai aka ɗora masa. Ya zo, ya ci abincina, ya yaba. Sannan ya gyara zama.

"Hajiya, kun ce Haɗejia. Wace unguwa?"

Na ce ban sani ba.

"Gidan wa? Akwai wanda za a tambaya a can?"

Na ce babu. Na ba shi labarin Inna Dije ban rage komai ba, don ban ga abin ɓoyewa a ciki ba. Da zai fita ya tsaya yana kallon ƙofar da idonsa mai lafiya, ya daɗe.

Amsa ta zo ta waya. Alhaji ya ce mace ta haihu a gidan Bature, yaro ya tashi da sunan Baturen, ba mai shaida sai ita kaɗai. Ya ce ba zai haɗa jini da gidan da ba a san uban kakansu ba.

Mahasin ta kwanta ta juya wa duniya baya. Ukasha ya rubuto:

"Dabinona, kar ki yi kuka. Akwai gwajin da ake yi yanzu da yawu. Wata alama ce a jinin maza, tana bi daga uba zuwa ɗa, ba ta canzawa. Zan kai wa Alhaji hujjar da ba zai iya musu ba."

Yawun Mahasin ba zai yi ba, in ji shi, sai na namiji. Namiji ɗaya ya rage a gidanmu.

Da aka kawo 'yar kwalbar, Amjad ya juya ta a hannunsa. Ya ce, "Matar da ta tako daga Haɗejia da ƙafa, yau yawuna ne zai yi mata shaida?"

Ukasha ya sunkuyar da kai. "Ka yi haƙuri, yaya."

"Don ke zan yi, Mahasin, ba don su ba." Ya tofa, ya miƙa masa. "Ka gaya musu in sun ga waken ful a ciki, karin kumallona ne."

Sakamakon ya daɗe kafin ya zo. A shagon intanet na Muslim suka buɗe shi, wani mutumin unguwarmu da ya taɓa neman Mahasin ta ƙi shi. Taswira ta fito, ƙasar Ingila ta yi jawur. Rubutun ya ce alamar Amjad ita ce aka fi samu a mazan can. Ukasha ya karanta, ya sake karantawa. Muslim yana tsaye a bayansu.

Kafin la'asar duk Ard al-Liwa ta ji. Amjad zai wuce a ce, "Khawaja, ina kwana," wato Bature. A wurin shan shayi a ce, "Ba za ka je ka karɓi gadonka a Landan ba?" Ya yi faɗa sau biyu, daga baya ya daina fita sai aiki.

Wata safiya na ji ƙarar kankara. Na leƙo na same shi da wuƙar girkina, yana kankare sunan daga ƙofa.

Ya ce, "Yumma, tun ina yaro nake yi wa Malam Musa addu'a, ashe ba abin da na haɗa da shi. Kuma ni na kashe wa Mahasin aure da bakina."

Na ce, "Ni na wanke matar nan, Amjad. Ba ta yi ƙarya ba."

Ya ce, "Jini ba ya ƙarya, Yumma." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Tunda danginmu ne, bari in je in gaishe su."

Na ɗauka ɓacin rai ne. Sai daga Iskandariya ya kira, ya ce in yafe masa.

Ba gawa, sallar ga'ib aka yi. Ukasha ya tsaya a sahun ƙarshe. Mahasin ta aika masa da saƙo ɗaya:

"Kai ka kawo kwalbar. Kada ka sake ce mini Dabino."

Bai daina rubutowa ba, ita kuma ba ta amsa.

"Ban ce ki yafe ba. Ki ci abinci dai."

"Yau na wuce ta layinku ban hawo ba. Ki gaida Yumma."

Bayan sadakar arba'in ya hawo. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba.

Ya ce, "Yumma, ba neman aure ya kawo ni ba. Lokacin da aka fara yi wa Amjad ba'a, na ji kunyar kaina. Na sa mutum ya auna kakarsa, ni ban auna tawa ba. Sai na aika nawa yawun, ban gaya wa kowa ba. Sakamakon ya dawo. Alamata da tasa ɗaya ce."

Mahasin ta fito daga ɗaki.

Ya ce ya sa an ƙara zurfafa binciken a kan yawun su biyun. Ashe alamar kamar itace take, tana da rassa. Reshe ɗaya ya yi ƙasar Turawa. Wani reshen yana wajen tafkin Chadi tun dubban shekaru, kuma Hausawa da yawa a kansa suke. Gwajin farko gindin itacen kawai ya gani. Amjad ɗan reshen Chadi ne, shi da Ukasha, da Alhaji, da Baffa Hadi. Babu Bature a layin ubanninsa.

Mahasin ta ce, "Da ka gaya masa ka aika naka, da ya jira."

Ya ce, "Na sani."

Ta zauna a ƙasa tana kuka, shi yana tsaye a waje yana nasa.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ya tsaya a ƙofar masallacinmu ya faɗa wa jama'a duka, Muslim yana wurin. Ya ce duk mai ce wa Amjad Khawaja, to ya haɗa da shi da ubansa. Ba wanda ya yi dariya. Ya kira Gusau ya faɗi haka. An ce da Alhaji ya gama ji sai ya ce, "Mun ɗauki alhakin matar nan."

Baffa Hadi ya dawo da goro. Dattijo da furfurarsa ya durƙusa a falona yana neman gafara. Na ce masa ya tashi, Allah Ya yafe mana duka. Maganar aure kuwa na ce ba tawa ba ce, ta Mahasin ce.

Ta ɗauki watanni. Ukasha bai matsa ba. Yakan zo ya ɗauko mini tukunyar gas daga ƙasa, aikin da Amjad yake yi, ya ajiye ya tafi. Wata rana ta same ni ina tsince shinkafa, ta ce, "Yumma, in na aure shi, na ci amanar yaya?"

Na ce, "Yayanki ya ce don ke ya tofa. In kin ƙi, don wa ya yi ke nan?"

Da yamma ta rubuta masa: "Rabin Dakta, an kaɗa kuka. In za ka zo, ka zo da hankalinka."

Ya mayar: "Yana wurinki tun ranar farko, Dabinona."

An ɗaura aure a 2015, bayan ƙaramar salla. Ba namiji a gidanmu da zai ba da ita, limaminmu ne ya yi walicci. Da ya zo faɗin sunanta ya ce Mahasin 'yar Hasan, tattaɓa-kunnen Malam Musa na Haɗejia. Matan unguwa suka yi guɗa, aka turara ta da turaren Sudan, ɗaliban Madinat Nasr suka cinye mini tukunya biyu. Na kama hannunta na sa a nasa. Na ce Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku 'ya'yan da ba wanda zai tambaye su hujja. Ukasha ya ce amin, hawaye na zuba a kan babbar rigarsa.

Kafin a tafi da ita, da lallen a hannunta, ta ɗauko gwangwanin fentin Amjad daga ƙarƙashin gado. Ta bi sawun wuƙar ta mayar da sunan a ƙofa. Hannunta bai kai nasa kyau ba, baƙin ƙarshe ya ɗan karkace.

Suna Gusau yanzu, suna ta cewa in taho. Ina nan tukuna. Unguwar nan akwai ƙura, kafin gari ya waye ta rufe komai. Kullum da safe, kafin in ɗora tukunya, nakan buɗe ƙofa in sa bakin mayafina in goge sunan.