Kujerar Kaka Ta Koma Lungu

Tun da suka tare a sabon gida, Auta bai yi aboki ko ɗaya ba. Umma da Abba da sassafe suke fita aiki. Daga shi sai Kaka, ita ce mai raka shi makaranta.

Kullum da safe Kaka takan dafa bayan kujera ta yi miƙa a hankali, kamar yadda likita ya ce mata. Ta ɗaga hannu, ta juya wuya, gwiwarta ta ce ƙas.

Ran nan Auta ya kira yaran maƙwabta, wai ko za su so shi. Suka laɓe a bayan taga. Ya shiga kwaikwayon Kaka, har da riƙe ƙugu. Yara suka tuntsire da dariya.

Kaka ta waiwayo. Sai ta tura kujerar lungu. Yaran suka watse, ko sunansa ba su tambaya ba.

Daga ranar Kaka ta daina miƙa. Baya ya riƙe mata, tashi ma da ƙyar. Auta ya koma tafiya makaranta shi kaɗai, yana shurin duwatsu. Gida ya yi tsit.

"Umma, yaushe Kaka za ta warke?" ya tambaya.

"Maganinta yana lungu," in ji Umma. "Ka san wanda ya sa aka ajiye shi."

Washegari Auta ya jawo kujerar zuwa ƙofar ɗakin Kaka. Ya dafa ta, ya karkace da gangan, ƙafa ɗaya a sama.

Kaka ta leƙo daga kan gado. "Angona, miƙa ce wannan, ko kaza ce ke neman wurin ƙwai?"

"Ban iya ba, Kaka. Ba ni da mai koya mini."

"Saki kafaɗar. A'a, ba haka ba. Matsa ka gani."

Ta taso a hankali ta dafa kujerar.

"Kaka, ki yafe mini."

"Na yafe. Amma ka numfasa, ka ƙame kamar wanda aka kama a bakin tukunya."

Suka ci gaba da yi tare kowace safiya. Ba a daɗe ba Kaka ta ɗauko takalmanta, ta raka shi har ƙofar makaranta.

Auta ya gane cewa ba a neman abokai da yi wa na gida dariya.