Biro Mai Launin Lafayar Ya Gumsu

"Ba shi ba ne, Safiyanu! Wallahi ba shi ba ne!"

Falmata ta ture guntun icen gefe, idanunta sun ciko da ƙwalla. Safiyanu ya kashe injin da yake fiƙe icen biro da shi, ɗan shagonsa na bayan kasuwar Haɗeja ya yi tsit.

"Haba Falmatata... ja kika ce, ga ja."

"Wannan ai jan tumatir ne! Na lafayar Ya Gumsu ya fi duhu, kamar zoɓon da ya jiƙu sosai."

Ya Gumsu mahaifiyarta ce, bara da damina ta rasu, lafayar kuma an yi sadaka da ita. Tun daga lokacin mahaifinta Baba Zarami, tsohon malamin makaranta, ya zama shiru-shiru. Falmata ce auta, ita kaɗai ta rage masa a gida, shi ya sa duk sanda Safiyanu ya tayar da zancen aurensu sai ta ce ya ƙara haƙuri. Biron nan ma don ta ga murmushin Baba take so.

Safiyanu ya sake dafa karan dafi na rini, ya jefa 'yar kanwa, ya zuba lalle kaɗan. Ya shafa a farin icen gawo, ya bushe, ya ƙara shafawa. Hannunsa duk ya rine.

"Duba wannan, ranki ya daɗe."

Ta daɗe tana kallo.

"Shi ne... masoyina, shi ne!"

Da biron ya kammala, ta kai wa Baba bayan la'asar, yana zaune a zaure. Ya yi ta jujjuya shi a hannu, sai ga hawaye na bin gemunsa.

"Da wannan launin na fara ganin uwarki, tana saukowa daga kwalekwale a hanyar Kirikasamma," ya ce a hankali. "Wa ya rina?"

"Safiyanu ne, Baba."

"Yaron da kike ta ja wa rai saboda ni? Kin zaci ban sani ba?"

Ta durƙusa, kuka ya ƙwace mata.

"Baba, in na tafi wa zai kula da kai?"

"Auta, uwarki na rasa. Kada ki sa in ga kin tsufa a gabana kina gadina." Ya dafa kanta. "Ki ce iyayensa su zo ranar Juma'a."

"Baba..."

"Amma ki faɗa masa, a unguwar nan zai nema muku gida. Ni fa ba na cin miyar kukar kowa sai taki!"

Falmata ta tuntsire da dariya, hawaye na zuba, ta kwantar da kanta a gwiwarsa.