Motar da Aka Tura

Sufeto yana cikin layin gidan mai, yana hararar tsohuwar motarsa da ke shan fetur kamar tana gaba da aljihunsa, sai ga kiran Saje.

"Yallaɓai, an sace mota a kamfanin tasi na bayan kasuwa. Sabuwar nan ce, mai aiki da lantarki."

Nan take Sufeto ya murza sitiyari ya fice daga layin. Tun da ya ji labarin motar nan yake neman dalilin zuwa ya ƙare mata kallo. Yau ga dalili ya samu, motar kuma ta yi layar zana.

Manajan kamfanin ya tare shi a bakin gareji, gumi har ƙeya. Ya ce dillalai ne suka ba su aron motar don gwaji. Da yamma masu kamfanin za su zo su gan ta, in ta yi musu, za a fara sauya tsofaffin tasin da mai ke cinye ribarsu.

"Wa ke tuƙa ta?" in ji Sufeto.

"Wata direbarmu, 'Yar Baba muke ce mata. Makulli ɗaya ne, kuma yana hannunta. Na zaunar da ita a ofis. In ba ta fito da motar ba, ku tafi da ita."

"Sai ka bari mu yi aikinmu tukuna, Manaja."

Garejin yana kan ɗan tudu, ƙasansa ya gangara zuwa ƙofa. Maigadi ya rantse da safe ya buɗe wa tasi ƙofa, ya zaga bayi, ya dawo bai ji motsin komai ba. A wurin da motar ta kwana, Sufeto ya tarar da wayar caji an naɗe ta tsaf, an ɗaure bakinta, an rataye a ƙusa.

"Saje, ka taɓa ganin ɓarawo mai tarbiyya haka?"

"Ban taɓa ba, Yallaɓai."

"Wannan hannun ya saba gyara wurin aiki. Ko sata yake yi ba zai iya barin waya a ƙasa ba."

'Yar Baba tana zaune a ofis ta rungume jakarta. Mace ce mai 'ya'ya biyu, da sitiyari take ciyar da su, kuma ta san in aka rufe ta yau, babu kamfanin da zai sake miƙa mata makulli. Duk da haka muryarta ba ta rawa.

"Ina makullin?"

"A jakata ya kwana. Da safe na duba ban gan shi ba."

"Wa ya shiga gidanki?"

"Ba kowa."

"To aljanu ne suka ɗauka ke nan?"

Idonta ya tafi taga, can wajen rumfar kanikawa, sannan ta yi maza ta dawo da shi. Sufeto ya gani, ya yi kamar bai gani ba. Sai ya saki fuska ya shiga tambayar da ta fi cin ransa tun safe.

"Da gaske ne motar ba ta yin ƙara?"

"Ko kaɗan, Yallaɓai. Ka danna maɓalli, fitila ta kawo, shi ke nan ta tashi. Dillalan sun koya mana a makon jiya."

"Kowa ya je koyon?"

"Kusan kowa," in ji ta, ta sunkuyar da kai.

A ƙasan gangaren, inda titi ya miƙe, akwai wani mai faci da ya kafa rumfa kwanan nan. Da jin tambayar Sufeto ya ajiye tayar hannunsa yana dariya.

"Farar nan mai baƙin gilas? Ai da ni aka tura ta."

Sufeto ya ji kamar bai ji daidai ba. "Aka yi me?"

"Aka tura ta, ranka ya daɗe. Ta gangaro daga can a mace, ta tsaya nan gabana. Direban ya ɗan sauke gilas ya zuro hannu, ya ce bayin Allah a taimaka, batir ya yi sanyi. Muka taru mu uku muka sa kafaɗa. Yana ta cewa ku ƙara, ku ƙara, zan saka giya. Kawai sai ta fizge kamar an tsikare ta, na faɗi da baki a ƙasa. Ko tari ba ta yi ba."

"Ka ga fuskarsa?"

"Hannu kawai na gani. Hannun dattijo ne, farce duk baƙin mai."

Sufeto ya juya ya dafa kafaɗar Saje, murna ta cika shi har yana taka ƙafa kamar yaro.

"Saje, ka gane? Motar tana kunne tun daga gareji. Mutumin ya danna maɓalli, ya kasa kunne don ya ji ƙarar inji, ya ji shiru, sai ya ɗauka ta ƙi tashi. Wanda aka koya wa motar ba zai taɓa neman turi ba. 'Yar Baba ta fita daga zargi. Nemo mini wanda bai je koyon nan ba."

Mutum ɗaya ne. Babban kaniken kamfanin, wanda ake kira Baba Sifana, ƙanin mahaifin 'Yar Baba, shi ya riƙe ta tun tana ƙarama, shi ya koya mata tuƙi. Ranar koyon ya ce shi ya wuce zaman aji.

Sufeto ya sa aka kawo 'Yar Baba da Manaja rumfar kanikawa. Suka sami Baba Sifana ya duƙa cikin injin wata tsohuwar tasi. A jikin bango, tiyon iska yana rataye, an naɗe shi tsaf, an ɗaure bakinsa.

"Baba, ina kake da safen nan?"

"Asibiti, ɗan nan. Bayana ke damuna."

"Allah ya sawwaƙe." Sufeto ya jingina da tasin kamar mai neman hira. "Ni dai motar nan ta shiga raina, Baba. Ba layin mai, ba juyen baƙin mai, ba hayaƙi. An ce ba ta san lalacewa ba. Ina ga kwanan waɗannan gwangwanayen ya ƙare."

Jijiyar wuyan tsohon ta tashi. Ya jefa sifana cikin akwati.

"Ba ta san lalacewa ba? Motar da sai an tura ta take tashi?"

Sufeto ya miƙe daga jinginar a hankali.

"Ban gaya wa kowa a gidan nan cewa an tura ta ba, Baba. Kai a asibiti ka ji?"

'Yar Baba ce ta yi magana, hawaye na bin kumatunta.

"Baba, ba a tura ta. Tun da ka danna ta tashi."

"Ta tashi?" Ya dube ta da mamaki na gaskiya. "Ba ta ce komai ba."

Ya zauna a kan wata taya. Ya ce tun da yarinyar ta fara tuƙi, a akwatin kayan aikinsa take ajiye makulli kullum in ta tashi daga aiki, don haka bai sha wahalar samunsa ba. Motar tana bayan gidansa a ƙarƙashin tamfal, ko ƙwarzane babu. Niyyarsa ya ɓoye ta har masu kamfani su zo su koma, su ce abin ba shi da amana.

"Ranar da aka kawo ta na buɗe gabanta," in ji shi. "Tun ina saurayi nake cikin inji. Na duba sama, na duba ƙasa, babu filogi, babu kabureta, babu abin da hannuna ya sani. Sai na ji tsoro, ɗan nan. In aka cika gidan nan da irinta, ni me zan zama?"

Sufeto ya ji tausayinsa, ya kuma ji haushinsa, don tausayin bai goge abin da ya gani a ofis ba.

"Ta san kai ne tun safe," in ji shi. "Ta yi mini ƙarya don ta rufa maka asiri, tana shirin kwana a sel."

Saje ya matso ya kama hannun tsohon. Manaja tuni ya ruga waya yana shelar an ga mota. Suna kaiwa ƙofar rumfa 'Yar Baba ta sha gabansu.

"Baba, tambaya ɗaya zan yi maka. Da sun tafi da ni, za ka yi magana?"

Baba Sifana ya tsaya yana kallon farcensa. Ta jira, Sufeto ma ya jira.

Can ta goge fuskarta da gefen mayafi, ta matsa ta ba su hanya.