Ɓarawon da Ya Gyara Igiya

Ƙarfe ɗaya da kwata na ranar Asabar aka bugo waya ofishin 'yan sanda na Bodrum cewa an yi sata a cikin Sedefli, ɗaya daga jiragen ruwan alfarma da masu kuɗi ke haya mako-mako. Asabar kuwa ranar canjin baƙi ce, tsofaffi su sauka da hantsi, sababbi su hau da la'asar. A tsakani kowa a tashar jiragen ba ya cikin hayyacinsa.

Sufeto Tahsin Karabulut aka tura, tare da Saje Melike. Ita 'yar gari ce. Shi kuwa mutumin tudu ne, watansa biyar a nan, har yanzu in ruwa ya motsa sai jiri ya kama shi.

Mai jirgin, Ertan, ya tare su a bakin katakon hawa.

"Takalmi, Sufeto. Ga kwando nan."

Sufeto ya tuɓe, babban yatsansa ya leƙo ta hujin safa. Ya daure ya buɗe littafinsa.

"Me aka sace?"

"Hula."

"Hula? Kan hula ka taso hukuma da tsakar rana?"

"Hular nutso ce, Yallaɓai," in ji Saje ƙasa-ƙasa. "Ta tagulla, irin wadda masu tsinko soso a ƙasan teku ke sawa a da. Ta kai nauyin ɗan akuya."

Ertan ya ja su falo ya nuna musu teburin da hular ke zama. A shagon kayan tarihi ya saye ta, kuma tana cikin kowane hoton tallan jirgin. Daga sha ɗaya zuwa ɗaya babu kowa a ciki, ƙofar falo a kulle, ba a ɓalla ta ba. Makulli uku ne: nasa, na kyaftin, da na kuku.

"Kuma ba sai ka wahala ba, kukun ce. Nermin. Wai hular ubanta ce. Shekaranjiya baƙi sun kifa ta, sun zuba ƙanƙara sun jera kwalabe a ciki, sai matar nan ta ajiye faranti ta fita tana kuka, a gaban mutanen da suka biya! Sababbin baƙi ƙarfe huɗu za su iso. In hula ba ta dawo ba ku tafi da ita, ni kuma na rantse daga nan har Marmaris babu jirgin da zai ƙara ba ta ko wanke-wanke."

Shekarar Nermin goma sha tara tana girki a jirage, ba a taɓa neman ko cokali an rasa ba. A tasharmu kuwa sunanka shi ne jarinka, in ya ɓaci sau ɗaya ya ɓaci ke nan.

Suna fitowa Saje ta tsaya a bayan jirgi tana kallon igiyar da ta ɗaure shi da gaɓa. Daidai inda igiyar ke gogar ƙarfe an naɗa mata wani ƙyalle mai ratsin shuɗi da fari, an ɗaure tam da zare.

"Wa ya naɗa wannan?"

"Ni mana," in ji Kyaftin Remzi, wani ƙaton mutum mai gashin baki. "Da safe."

"Igiya ce ba ta da lafiya?" Sufeto ya tambaya. "Na ga an sa mata bandeji."

"In ta yi ta gogar ƙarfe tsinkewa take yi, Yallaɓai. Jirgi ya je ya daki na maƙwabta."

Sufeto bai san kan igiya ba, amma ya san mai ƙarya, don ya ga kyaftin yana satar kallon Ertan.

"To kwance, ka sake ɗaurawa in gani."

Kyaftin ya kwance. Ya naɗa, ya warware, ya sake naɗawa, ɗaurin ya ƙi fitowa yadda yake. Gumi ya karyo masa.

"Wallahi ba ni ba ne. Da safe na ga tana cinyewa na ce zan gyara, takardun tasha suka ɗauke min hankali. Na dawo na tarar an naɗe. Tsoron faɗan mai jirgi ya sa na ce ni ne. Wannan ɗaurin ma na mutanen da ne, rabona da ganinsa tun kakana yana raye."

"Wato ɓarawo ya shigo, ya ɗauki hula, ya tsaya ya yi muku aiki?"

"Ni dai ban ce ba."

Sufeto ya cusa ƙyallen a aljihu, ya rasa abin da zai rubuta a littafi.

A kicin suka sami Nermin, mace mai kimanin shekara hamsin, tana fere kabewa kamar ba ita ake magana a kai ba.

"Ina kika je daga sha ɗaya?"

"Kasuwar kifi, Yallaɓai. Sai ɗaya na dawo."

"Awa biyu a sayen kifi?"

"Kai ka taɓa ciniki da Sabri mai kifi? Sai ya ba ka tarihin kowane kifi tun daga kakansa."

"Hular ta mahaifinki ce?"

Wuƙar ta tsaya.

"Tasa ce. Ina da shekara uku aka ciro shi daga ruwa a cikinta. Bayan rasuwar innarmu wani ɗan uwa ya kwashe kayan ɗakin ya sayar. Ban ɗauka ba, Yallaɓai. Shekara biyu ina goge ta kowace safiya, in sata zan yi sai yau?"

Saje ta fita ta buga wa mai kifin waya, ta dawo fuska ba walwala. Ya ce tun sha biyu saura Nermin ta bar wurinsa, ko shayin da ya zuba mata ba ta tsaya sha ba.

"Ina kika yi awa guda?" Sufeto ya tambayi Nermin.

Nermin ta ci gaba da fere kabewa.

Ƙarfe uku saura suna ofishin tasha suna kallon hoton kyamarar da ke fuskantar gaɓa. Daga sha ɗaya zuwa ɗaya babu mahaluƙin da ya taka katakon Sedefli. Sha biyu da minti goma sai ga Nermin da ledoji biyu. Ta zo dab da jirgi ta ja ta tsaya, tana kallon can gefensa ta wajen teku, inda kyamara ba ta kaiwa. Sai ta juya da sauri ta koma inda ta fito.

Sufeto ya dafe kai.

"Saje, taimake ni. Ɓarawo bai shiga ba, hula ta fita. Igiya ta yi wa kanta magani. Wadda ake zargi ta zo ta ga wurin aikinta ta gudu. Kyaftin ya yi ƙarya don a ce ya yi aiki, kuku ta yi ƙarya don a kama ta. Ku mutanen bakin ruwa haka kuke, ko ni ne rana ta taɓa?"

"Yallaɓai, kai gida kake gani mai ƙofa ɗaya. Jirgi ta ko'ina ana hawansa, in mutum yana da kwalekwale. Ran Asabar kuma kowa ya san ana barin tagogin sama a buɗe ɗakuna su sha iska. Ka zura ta nan, ka buɗe ƙofa ta ciki, in ka fito ka ja ta ta kulle kanta."

"Kwalekwale nawa ne a tashar nan?"

"Sun fi ɗari biyu."

"Madalla."

Ya fito yana tafe a gaɓa ba tare da ya san inda ya nufa ba. Raina masa hankali ake yi ko tausayinsa ake ji, ya kasa ganewa, abin kuma ya ba shi haushi ƙwarai. Da jiri ya fara ɗibarsa sai ya zauna a wani benci kusa da teburin wani tsoho mai sayar wa baƙi soson teku. Ya laluba aljihu zai share gumi, hannunsa ya fito da ƙyallen igiya.

Tsohon ma gumi yake sharewa, da ƙyalle mai ratsin shuɗi da fari. Gefensa ɗaya a yage yake, zare na reto.

Sufeto ya dubi na hannunsa, ya dubi na tsohon, ya ƙara duban nasa.

"Baba, sannu da rana. Sunanka?"

"Zihni. Soso za ka saya ko hira ka zo?"

"Ina kake da sha biyu?"

"Nan. Ina zan je da wannan gwiwar?"

"Baffan Nermin ne," Saje da ke biye da shi ta raɗa masa. "Ƙanen mahaifinta. Ga kwalekwalensa can, filafilan ma ba su bushe ba."

"Ara min ƙyallenka, Baba."

Ya shimfiɗa biyun a kan tebur. Yagar ta haɗu, ratsi ya bi ratsi.

"Ƙyalle ai ƙyalle ne," in ji tsohon. "Rabin garin nan irinsa suke da shi."

"Haka ne. To bari in koma, huɗu ta kusa. Saje, kawo ankwa, da kukun za mu tafi."

"Wace kuku?"

"Nermin. Ita mai jirgi ya ce."

Tsohon ya miƙe tsaye, gwiwar da ya ce tana ciwo ba ta hana shi ba. Shi ya shige gaba har bakin Sedefli, suna binsa a baya. Nermin na hango shi ta fito da gudu.

"Baffa, koma wurin sosonka! Yallaɓai, ni na ɗauka, rubuta!"

"Rufe min baki, 'yar nan. Ke da ko tukunyar miya sai an kama miki?" Ya juya ga Sufeto. "Ni ne. Ita ganina kawai ta yi ina tuƙawa. Jiya ta zo gida idonta a kumbure ta gaya min abin da aka yi. Ni ke riƙe da igiyar ubanta, Yaya Hulusi, ranar da ya nutsa, ni na jawo shi, ni na kwance masa hular nan da hannuna. A ce yau ita ce bokitin ƙanƙarar 'yan shaye-shaye? Ban yi zaton za a ɗora wa yarinyar nan ba, wannan wautata ce."

"To igiyar fa, Baba? Da ba ka taɓa ta ba, da har gobe ina yawo a rana."

Tsohon ya dube shi kamar ya yi tambayar yara.

"Igiya na cinyewa a gabana in wuce? Jirgin me ya yi min?"

"Ina hulata?" Ertan ya daka tsawa.

"Tana ƙasan teku bayan tsibirin Kara Ada, inda mai ita ya bar numfashinsa. Zurfin gaba arba'in ne. In kana da ƙarfin ƙirji je ka ɗauko."

Ertan ya waiga. Can ƙarshen gaɓa ga motar baƙi ta tsaya ana sauke akwatuna. Ya dubi agogo, ya dubi Nermin, muryarsa ta sauka.

"To... abincin dai, Nermin. Mutum goma ne."

Ba ta ko kalle shi ba. Sufeto ya mayar da ankwa aljihun Saje, ya kama hannun tsohon suka nufi motar 'yan sanda a hankali. Ya warware shari'arsa ta farko a bakin ruwa, amma ko kaɗan bai ji daɗi ba.

Sun rufe ƙofa ke nan Nermin ta sauko daga jirgi ba takalmi, ɗauke da kwano cike da ruwa. Motar na tashi ta watsa shi a bayanta, yadda muke yi wa matafiyi don ya tafi lafiya ya dawo da wuri.

Baffa Zihni ya leƙo ta taga.

"Kifinki na kan wuta, 'yar Hulusi! Kar ki ƙona, ki ja mana abin kunya!"

Ta tsaya da kwano a hannu har motar ta sha kwana, sannan ta goge ido da bakin gyalenta ta hau jirgi.