Murhun da Hamiril Ya Toshe

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Yabo ya tabbata ga wanda Ya halicci mutum daga yumɓu, Ya halicci aljan daga harshen wuta, Ya zaunar da su a ƙasa guda. Tsira da aminci ga Manzon da aka aiko musu baki ɗaya.

Bayan haka, Hamiril mutumin tsibirin Cocos ne, ya tsufa yana walda a tashar jiragen ruwa ta Fremantle. Da ƙarfinsa ya fara ja baya, sai ya sayi sashe a hawa na uku na wani tsohon siton gashin tumaki da aka yanyanka gidaje. Hukuma ta hana taɓa fuskar ginin ta waje, amma ciki nasa ne. Suka tare ana cikin gyara, shi da matarsa Salbiah da 'yarsu tilo Nuraini, suna kwana bisa katifa a ƙasa, suna cin shinkafa mai ƙurar siminti. Damina ta wuce a haka, kuma aikin bai ƙare ba.

A ɗakin Nuraini akwai tsohon murhun jin ɗumi da aka gina cikin bango. Bututun hayaƙinsa an daɗe da rufe shi ta sama saboda ruwa da tattabaru, bakin ƙasa kaɗai ya rage. Wata ranar Asabar Hamiril ya ɗauki bulo ya shiga toshe shi, har rana ta faɗi bai gama ba.

Salbiah ta leƙo, ta kira shi yadda ake kiran iyaye da sunan 'yarsu a tsibiri, ta ce, "Pak Aini, magariba ta yi. Can gida tsibiri ko rami ba a toshewa sai an yi sallama."

Ya ce, "Nan ba tsibiri ba ne, Mak Aini. Sallamar da zan yi na riga na yi wa hukuma." Ya ɗora bulon ƙarshe, ya shafe.

Washegari da almuru suna cin abinci, sai wata 'yar tsakuwa ta faɗo cikin kwanon miya. Suka dubi rufi, babu tsaga. Wata ta sake faɗowa. Daga ɗakin Nuraini kuma aka fara jin karta a hankali, kamar ana gogar bango da farce.

Haka ya zama kullum idan rana ta yi ja. Hamiril ya ce ɓeraye ne, ya sa tarko. Ya ce bututun ruwa ne, ya kira mai gyara. Tsohuwar da ke hawa na biyu, Misis Scarpa, ta zaci shi ke kartar, ta hawo da sandarta ta ce, "Ka bar bangon nan ya huta mana, ko kai ba ka gajiya?" Shi kuwa ya gaji, har guduma ta fi ƙarfin hannunsa.

Sai Nuraini ta daina ci. Ta bar zuwa kwaleji, ta koma zama gaban sabon bangon, ta jingina kunnenta da shi, tana kartarsa har yatsunta suka yi jini. Likita ya duba, ya ce bai ga ciwo ba. Tana ta ramewa a gaban idon iyayenta. Daga ƙarshe Salbiah ta aika wa Nek Haji Dolman a can garin Katanning, dattijo masanin Alƙur'ani da ruƙya.

Ya iso da la'asar, bayansa ya ƙage da zaman mota. Ya yi alwala, ya zauna nesa kaɗan da yarinyar, ya soma karatu da murya ƙasa-ƙasa. Da ya kai Ayatul Kursiyyu, sai kanta ya juyo. Muryar da ta fito ta tsohuwar mace ce, a dushe.

"Ya isa, malam. Kada ka ƙona ni. Ni ma musulma ce."

"To me ya kai musulma jikin 'yar mutane?"

"Tun ana jibge gashin tumaki a nan nake cikin bututun nan. Aka rufe mini sama, na haƙura. Na fita da almuru neman abin da 'ya'yana za su ci, na dawo na tarar da bango. Ƙanana ne, ba su iya ratsa abin da aka shafe ba. Ina jin kukansu. Ya riƙe nawa, na riƙe tasa."

Salbiah ta rufe baki da mayafi. Hamiril ya sunkuyar da kai.

Nek Haji ya ce, "An zalunce ki, amma yarinyar ba ita ta ɗora bulo ba. Sake ta."

"A yanka mini baƙar tunkiya."

"Ba a yanka sai don Allah. Kin sani."

"To a bar mini ɗakin."

"Ɗakin nata ne. Ƙofarki za a buɗe miki, ki kwashi 'ya'yanki ki tafi."

Muryar ta ce, "In tafi ina? Duk tsohon ginin da na sani a garin nan an shafe shi an sa labule. Na gaji, malam."

"Ƙasar Allah da faɗi take. Ki rantse ba za ki dawo ba."

"Na rantse da wanda Ya halicce ni. Amma wanda ya toshe shi zai buɗe, kuma ya yi sallama."

Hamiril ya ɗauko gudumar. Ya tsaya gaban bangon da ya fi kowane bango a gidan kyau, ya ce, "Assalamu alaikum, ku yafe mini." Ya buga. Bai iya ɗaga hannu da kyau ba, sai da ya huta ya sake. Bulon ya rufta ciki, warin tsohuwar toka ya cika ɗakin, wata iska mai ɗumi ta bi ta tsakanin ƙafafunsu ta nufi taga.

Nuraini ta sulale. Uwarta ta tare kanta a cinya. Can ta buɗe ido, ta dubi ramin da ƙurar da ta rufe ubanta, ta ce da muryarta, "Pak, ba jiya-jiya ka gama wannan ba?"

Ya zauna cikin ɓaraguzan, ya riƙe yatsunta masu ciwo.

Allah Ya sa mu iya zama da maƙwabtan da muke gani da waɗanda ba mu gani. Ya gafarta wa wanda ya rubuta, Ya hutar da wanda ya karanta daga gajiyar duniya da ta lahira. Amin.