Sa Hannun Malam Sambo

"Mujtaba, don Allah ka mutu da kyau mana! Wane mai rauni ke murmushi?"

Muhsina ta ƙara kwara masa ruwan karkade a riga. Ranar gwaji ce a ƙaramin asibitinsu da ke kusa da Abu Hujar: an kashe kwamfutoci da gangan, a ga ko ma'aikata za su iya aiki da takarda da biro in bala'i ya zo. Mujtaba mai kula da na'urorin shi ya kashe su, sannan ya haye gado a matsayin wanda mota ta buge.

Haushi kamar ya kashe ta. Fom ya ƙare, biro ya ƙi rubutu, ga shi wata uku Babanta, Malam Sambo, ya kafe: ba zai ba Mujtaba, maraya marar gona, 'yarsa ba.

"Habibti, masoyiyata, riƙe min hannu..." in ji Mujtaba.

"Khalas! Yi min shiru!"

Amma ta riƙe.

Raihana, abokiyar aikinta da ta daɗe tana son Mujtaba, ta faki ido ta buga wa Malam Sambo waya ya zo ya ga abin da 'yarsa ke yi. Ba ta ce masa gwaji ba ne.

Ya faɗo ɗakin da sanda, yana huci. Da ya ga jar riga, sandar ta faɗi.

"Innalillahi! Mi ya same shi?"

"Baba, ai..."

"Ku kai shi tiyata!"

Likita, da ya zaci cikin 'yan gwajin yake, ya ce, "Ya Hajj, kwamfuta a kashe take, ba mu san danginsa ba. Sai ɗan'uwa ya sa hannu."

"Yaron da ya goyo ni har nan ran da kunama ta harbe ni? Surukina ne! Muhsina, rubuta!"

"Baba... ka tabbata?"

"Rubuta, na ce!"

A karon farko tun safe biro ya yi rubutu. Malam Sambo ya sa hannu yana hawaye.

Mujtaba ya tashi zaune. "Na gode, Baba."

Tsohon ya shinshina rigar. "Karkade?! Ɗiyar nan, goge min takardar nan!"

Muhsina ta rungume takardar a ƙirji, daɗi ya cika ta.

"Kwamfuta ake gogewa, Baba. Wannan biro ne, kuma gaban likita."

Ya harare su, ya ɗauki sandarsa.

"To, ya wanke rigar kafin Juma'a. Ba ni ɗaura aure da gawa."